Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ɗakin da Muka Hana Numfashi

A makon jiya na tsaya ne a inda ɗan yayata, wanda yake karatun injiniya a jami'ar KNUST, ya zo rumfata a unguwar Aboabo ta birnin Kumasi da zanen wani ɓangaren roka a takarda, ya ce: "Kawu, hannunka nake nema, domin ni lissafi na iya, dalma kuwa sana'arka ce." Wannan ya faru ne bayan shekarar 2017, shekarar da tauraron ɗan adam na farko na ƙasarmu, GhanaSat-1, wanda aka haɗa da hannun matasan Jami'ar All Nations ta Koforidua, ya shiga sararin samaniya. Tun daga lokacin yaron bai ƙara samun sukuni ba, ni ma kuma, da na shekara 20 ina gyaran rediyo da wayar hannu, abin ya shiga raina.

Abin da ya kawo ba rokar kanta ba ce, ɗakin na'urar da ke tsakiyarta ne. Ya bayyana mini cewa manyan rokokin gwaji, waɗanda ƙarfin injinsu ya kai ajin H ko ya wuce, suna yin nisan da idan aka buɗe babbar laimar saukowa tun daga ƙololuwa, to iska ce za ta raba mutum da kayansa. Rokar da ta kai mita 1,000, tana saukowa mita 5 a daƙiƙa, za ta shafe daƙiƙa 200 tana lilo a sama, kuma iska mai gudun mita 5 a daƙiƙa ta isa ta kai ta kilomita guda. A wajenmu nan kilomita guda yana nufin tsakiyar gonar koko ko kan wata doguwar bishiya. Maganin shi ne laima biyu: ƙarama ta fita a ƙololuwa domin rokar ta sauko da sauri ba tare da ta zo da ka ba, babba kuma ta jira sai an kusa ƙasa, kamar saura mita 150. Wanda yake yanke hukuncin lokutan nan biyu shi ne ma'aunin tsayi, shi kuwa ba ya gani, matsin iska kawai yake ji, wanda yake raguwa da kusan faskal 12 (ma'aunin matsi ke nan) a kowace mita idan ana kusa da ƙasa.

Mun sami bututu mai faɗin santimita 10, muka yanke tsawon santimita 20. Wani kafinta a Asawase ya fitar mana da faifai biyu na katako da za su rufe bakunansa, a Suame Magazine, unguwar makanikai, kuma na samo dogayen ƙarafa biyu masu zare da notinansu, waɗanda suke ratsa ɗakin daga wannan faifai zuwa wancan, su ne kuma suke ɗaukar fizgar igiyar laima. A kan ƙarafan nan muka zura siririn allo, a kansa na kafa 'yar ƙaramar kwamfuta Arduino Nano da 'yar ƙwayar auna matsin iska BMP280 ta kamfanin Bosch da batir mai bolt 9. Batirin na ɗaure shi ɗaurin goro, domin ya fi komai nauyi a kan allon, kuma idan kansa ya zame na ƙiftawar ido na'urar za ta manta duk abin da ta ƙirga. A wurin ashanar lantarki, wadda a roka ta gaske take kunna ɗan albarushin da ke tura laima, mun sa ƙananan ƙwai biyu na lantarki, ja da kore, domin ba mu da niyyar taɓa albarushi a cikin unguwa.

Kuskuren daga gare ni ya fito. Yaron ya gargaɗe ni cewa hayaƙin albarushi yana cin ƙarfe, kuma idan ya kutsa cikin ɗakin zai ruɗa ma'aunin, sai na ɗauki gam na bi kowace kafa, har ramin da wayoyin ƙwai da na ƙaramin allon karatu suka fita, na liƙe tsaf. Na yi alfahari da aikin, domin ko tururuwa ba ta da hanyar shiga.

Tun da ba mu da injin da zai ɗaga shi, muka yanke shawarar gwada shi a Tafkin Bosomtwe, inda hanya take gangarowa daga bakin kwari zuwa ƙauyen Abono. Yaron ya gyara lissafin domin na'urar ta yarda da hawa a hankali, muka kunna ta a bakin ruwa, muka ɗauki tasi zuwa sama. Ina riƙe da bututun a cinyata, rana tana dukansa ta taga, kunnuwana suna toshewa saboda hawa, amma lambar da ke kan allo, maimakon ta ƙaru, sai ta riƙa komawa ƙasa da sifili, kamar muna nutsewa cikin tafkin. Mun hau, mun sauko, babu ƙwan da ya kama a inda ya kamata. A hanyar Kuntanase zuwa gida babu wanda ya ce uffan.

Da daddare bayan sallar isha'i na kai wa maigidana, dattijon da ya koya mini gyaran rediyo. Ya juya bututun a hannunsa, ya sa baki ya hura, sannan ya ce: "Ɗana, kun toshe masa hanci, kuna kuma so ya gaya muku abin da ake dafawa a maƙwabta?" Na ce: "Maigida, hayaƙi muke gudu." Ya ce hayaƙi ta sama da ƙasa zai zo, iska kuwa ta gefe take. A nan na gane cewa zafin rana ne ya kumbura iskar da na kulle a ciki, matsi ya ƙaru, na'urar kuma ta faɗi gaskiyar abin da ta ji.

Washegari muka huda ramuka uku masu faɗin milimita 4 a zoben tsakiya, wanda shi ne ɓangaren da yake kallon waje idan an haɗa rokar, muka raba su daidai a kewaye domin iskar da ta bugi ɓangare ɗaya kada ta rinjayi karatun. Na goge bakin kowane rami har ya yi sumul, saboda ɗan tsinin da aka bari yana hargitsa iskar da ke wucewa. Na kuma rufe ƙwayar da ɗan soso baƙi, domin hasken rana kai tsaye yana canja abin da take karantawa.

Ranar Asabar muka koma Abono, wannan karon muka roƙi direba ya bar gilasai yadda suke, kada a buɗe ko a rufe ƙofa har mu dawo. Lambar ta riƙa hawa tare da motar, ta wuce 150, ta wuce 200. Da muka juya a sama muka fara gangara, jan ƙwan ya kama. Yaron ya riƙe numfashi yana ƙirga lambobin da ke sauka, da suka taɓa 150 sai koren ya haska a cinyata, ya damƙe hannuna ya ce: "Kawu, babbar laima ta buɗe!" Direban ya waiwayo yana tambaya da harshen Twi ko lafiya.

A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan kawo yadda muka nemi wanda zai ɗinka mana laimomin a kasuwar Kejetia.