Sirrin da na fasa a wurin shan shayi

Ƙannena da kuke shiga aikin ba da shawara, ko a lekol, ko a asibiti, ko a cibiyar matasa a nan Damagaram, ku ba ni aron kunnenku in gaya muku abin da na aikata tun ina ganin ƙungiyar masu sana'a ɓata lokaci ce.

Shekarata ta biyu ce a aiki. An ba ni wani ɗan ɗaki kusa da ofishin darekta a wani CEG, wato ƙaramar makarantar sakandare, tebur ɗaya, kujera biyu. Wata yarinya mai shirin jarrabawar BEPC ta shigo bayan an tashi, ta zauna tana murza bakin hijabinta. Sai da na ba ta ruwa kafin ta iya buɗe baki. Ta ce, "Malam, aure za a yi mini kafin jarrabawa, ni kuwa karatu nake so. Don Allah kada maganar nan ta fita." Na ce ta kwantar da hankalinta.

Da yamma a fadarmu ta Sabon Gari, ana zagaya shayi, na ba wani abokin aiki labarin, da nufin ya ba ni shawara. Ban ambaci sunanta ba. Amma na faɗi ajinta, na faɗi unguwarsu, na faɗi sana'ar mahaifinta a kasuwar Dole, ga mutum biyar zaune suna ji. Magana zarar bunu ce. Kafin kwana uku ta isa gidansu ta bakin wata gwaggonta, kuma ta isa a karkace, wai yarinya ta kai ƙarar iyayenta lekol. Ranar Litinin bencinta ba kowa. Ba ta sake dawowa ba, kuma har gobe idan na tuna yadda ta ce "don Allah" sai ƙirjina ya yi nauyi.

Neman shawarar da na yi ba laifi ba ne, nauyin ya fi ƙarfina da gaske. Wurin da na kai shi ne bai dace ba. To wannan wurin shi ne abu na farko da ƙungiyar masu ba da shawara take samarwa: ɗaki a rufe, da na gaba da kai a sana'a, waɗanda amanar da ta ɗaure ka su ma ta ɗaure su, kuma za su tsayar da kai tun kafin ka furta abin da zai sa a gane mai maganar. Ƙungiyar masu wannan aiki ta Amurka, wadda aka kafa a 1952, ta fitar da kundin ƙa'idojinta na farko a 1961, tana ta gyara shi har zuwa na 2014. A ciki an rubuta cewa ko abokin sana'a za ka tuntuɓa, iyakar abin da ake buƙata za ka faɗa, ka ɓoye wane ne. An kuma rubuta inda sirri yake ƙarewa, wato idan rai na cikin haɗari, da cewa tun zaman farko za ka sanar da mutum wannan iyakar. Maƙwabtanmu na Najeriya suna da tasu, CASSON, tun 1976. Ni a lokacin ko shafi ɗaya na irin wannan kundi ban taɓa karantawa ba.

Wata dattijuwa da ta daɗe a aikin ta sha gayyata ta zaman da suke yi duk ƙarshen wata. Ina ce mata "to, Hajiya, in sha Allahu", ba na zuwa. A raina gani nake takardata ta ishe ni.

Kuskure na biyu ne ya kai ni. Wani yaro da ya faɗa cikin 'yan palais, gungun samarin unguwa masu tada zaune tsaye, yana shan tiramol, na riƙe shi wata huɗu ina yi masa nasiha, ina jin daɗin yana zuwa wurina. Ban san cewa mai shan wannan ƙwaya da yawa tana iya jefa shi cikin jijjiga irin ta farfaɗiya ba, ban kuma san barinta farat ɗaya na buƙatar idon likita ba. Sai da ya faɗi a tsakar lekol aka kwashe shi zuwa asibiti. Allah ya sa ya tashi. Da na je zaman Hajiya na ba da labarin, ba ta yi mini faɗa ba. Cewa ta yi, "Ɗana, tun makon farko ya kamata ka miƙa shi." Ta ɗauko takarda ta rubuta mini wanda ake tura irin waɗannan yara wurinsa.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai ƙungiyoyin da suka koma neman kuɗin zama da rigimar shugabanci. Samun rajista a ƙarƙashin dokar ƙungiyoyi ta 1984 bai isa ya mai da taro ƙungiyar sana'a ba. Kafin ku biya kuɗin wata, ku tambaya ko suna da ƙa'ida a rubuce, ko suna zama kan matsalolin aiki na gaske, kuma idan uwa ta kawo kukan cewa ɗayanku ya tona asirin 'yarta, wa zai saurare ta, me za a yi wa mai laifin. Wannan na ƙarshe ya fi damuna, domin iyayen yarinyar nan da ita kanta ba su da inda za su kai ƙarata a lokacin, kuma sun cancanci su samu.

Yanzu duk ɗalibin da ya shigo wurina, kafin ya ce komai nakan rufe ƙofa, in faɗa masa abin da zai tsaya tsakaninmu da abin da dole in kai gaba idan ransa ko na wani na cikin haɗari. Sannan in tambaye shi ko ya yarda mu fara.