Abin da ƙaramin kan jirgi ya koya mini a sana'ar hoto

Damagaram ba ta da layin dogo. Wanda aka haifa a Birni ko Zango yana iya tsufa bai taɓa jin kukan jirgin ƙasa ba, sai in fatauci ya kai shi Kano ko Nguru. Ni ma haka na taso. Shi ya sa ranar da na hango wani ɗan kan jirgi shuɗi cikin tulin kayan gwanjo a Kasuwar Dole, tsakanin tsofaffin rediyo da kayan wasan yara, ƙafata ta ƙi gaba. Mai kayan ya ce motar yara ce. Na juya cikinsa na ga an rubuta Jouef, sunan kamfanin da ya ƙera shi, na biya, na sa a aljihu na koma shagon da nake aikin hoto.

Daga baya na gane cewa kwaikwayo ne na kan jirgin Faransa mai shan gazuwal da ake kira BB 67000, an yi shi a ma'aunin HO, wato an rage komai sau 87. Kan da ya kai mita 17 ya dawo kusan santimita 20, tazarar ƙarafan dogonsa kuma milimita 16.5. Yanzu ina da guda bakwai, wasu daga gwanjo, wasu wani ɗan uwa da ke karatu a waje ya zo mini da su. Akwai wani na kamfanin Märklin ta Jamus da na ɗora bisa dogon Jouef cikin ɗoki, wuta ta haɗu nan take, na'urar ba da wutar ta yi zafi. Ashe ana ba na Märklin wuta ne ta wasu ƴan ƙusoshi da ke tsakiyar dogo, ƙafafunsa na dama da na hagu ba a raba musu wuta ba, sauran kuwa ta ƙarafa biyu suke sha. Tun ranar ba na haɗa komai da wuta sai na karanta na tambaya.

Amma babban karatun a wajen hoto ya zo. Na yi watanni ina ɗaukar su ina tsaye, su suna bisa tebur. Hotunan sun fito tas, launi ya yi kyau, ni kuma ina jin daɗi. Wata rana na kai wa kawuna, wanda ya bi mahaifinsa fatauci zuwa Nguru yana yaro, inda dogon da ya taso daga Kano ya tuƙe tun 1930. Ya daɗe yana duba wayar, sannan ya miƙo mini.

“Ɗana, wannan ai abin wasa ne ka ɗauka.”

Na ce, “Kawu, ai dama ƙarami ne.”

Ya ce, “Ba ƙanƙantarsa nake nufi ba. Ni ban taɓa ganin rufin jirgi ba. Ranar da na fara ganinsa, kai na ɗaga har hulata ta faɗi. Kai kuwa ta bisa ka leƙe shi kamar shaho.”

Maganar nan ta hana ni barci. Na zauna na yi lissafi: mutum mai tsawon mita ɗaya da santimita 74, in aka rage shi sau 87, santimita 2 ne cif. Ke nan idon kamara bai kamata ya wuce santimita 2 daga dogo ba. Babbar kamarata ba ta iya sauka haka, faɗin gilashinta ya hana. Sai na matso da allon da dogon yake kai bakin tebur, na rage ƙafafun kamara har gilashin ya yi daidai da dogo. Wani lokaci kuma waya nake kifawa kai ƙasa, idonta ya kusa taɓa allo. Hoton farko da na ɗauka haka, sai da gabana ya faɗi. Kan jirgin ya tashi tsaye, ya yi nauyi, kamar zai taka ni.

Sauka ƙasa ta kawo nata wahalhalu. In ka matso kusa haka, hancin jirgi ya fito sarai, bayansa ya dushe, kuma wannan dushewar ce ke tona asirin cewa abu ƙarami ne. Dole na tsuke ƙofar haske zuwa f/16 ko f/22. Tsukewa tana rage haske, sai ɗauka ta ɗauki daƙiƙa ɗaya ko biyu, numfashi ma yana girgiza hoto. Na koma sa agogon kamara na janye hannu. In hakan bai isa ba, sai na ɗauki hotuna goma ko fiye, kowane da inda ya fi fitowa, na haɗa su a kwamfuta. Ranar tsaka ta Damagaram kuwa ba ta da tausayi ga roba mai sheƙi, don haka na koma fita tsakar gida bayan asuba, ko na rataya farin yadi rana ta ratso ta cikinsa.

Sai ƙura. Lokacin hunturu, in hazo ya sauko, ko ka rufe akwati sai ta shiga. Ƙwayar yashi mai milimita ɗaya, a duniyar HO dutse ce mai kusan santimita 9, zaren auduga guda kuma igiya ce kwance bisa rufi. Da burushi mai laushi nake bin kowane kafin ɗauka. Amma na daina goge ƙurar nan mai laushi da ke kwanciya a ƙafafu da gefen ƙasa, domin ita ce ke sa jirgi ya yi kama da wanda ya sha tafiya. Ƙasar da nake shimfiɗawa gefen dogo ma ta bayan gidanmu ce, na tankaɗe ta da rariya sau biyu.

Abin da ban zata ba shi ne yadda maganar kawu ta bi ni cikin shago. Shekaru nake ɗaukar yara ranar salla ina tsaye, kansu ya yi girma, ƙafafu sun tsuke, suna ɗago ido kamar masu roƙo. Haka nake ɗaukar tsofaffi zaune bisa tabarma ranar suna. Na ji nauyin wannan sosai da na koma duba tsofaffin hotuna, domin mutane sun biya kuɗinsu, ni kuma na ƙanƙantar da su ban sani ba. Yanzu durƙusawa nake har idona ya yi daidai da nasu. Dukawan da ke kawo jakunkuna da takalma don tallar intanet su ma sun ga bambanci, ɗinkin fata yana fitowa in haske ya zo ta gefe kuma kamara ta sauko.

Dogon da ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi mai faɗin milimita 1,435 ne, irin wanda HO ke kwaikwaya, ba irin tsohon na Nguru mai 1,067 ba. Na faɗa wa kawu haka ranar da na kai masa sabon hoton shuɗin kan, wanda na wanke babba. Bai kula da lissafin ba. Ya riƙe takardar nesa da fuskarsa, ya ɗan ɗaga haɓa, ya ce in bar masa ita, zai kafa a zaure.