Daga Kogon Shere Zuwa Ramukan Kuza na Bukuru

Da sassafe muka bar Jos ta hanyar Lamingo, ni da wani abokina mazaunin garin, muka nufi duwatsun Shere da ke gabas. Lokacin hunturu ne, ga hazo ga iska mai ratsa ƙashi, don ƙololuwar duwatsun ta haura mita 1,800. A gindin dutsen muka sami wani matashi ɗan ƙabilar Jarawa ya shige mana gaba.

Kogon da ya kai mu ba sassaƙa shi aka yi ba. Manyan duwatsu ne suka jingina da juna suka bar sarari a ƙarƙashi. Sai da rarrafe ake shiga, amma a ciki mutum zai miƙe tsaye ya sake. Warin kashin jemage ne ya fara yi mana maraba, da muka haska fitilar waya kuwa sai ga su reto-reto a sama. Jagoranmu ya ce a irin waɗannan wurare kakanninsu ke ɓoye mata da yara da hatsi in mahara sun taso daga ƙasa. Ba mu daɗe ba, don abin da ya kawo ni yana kudu.

Bayan azahar muka bi ta Rayfield zuwa Bukuru. Duk inda ka waiga kududdufi ne, ruwa kore shar, kusa da shi tarin jar ƙasa kamar an kifa ƙwarya. Baƙo zai ɗauka tafkunan Allah ne, har a Rayfield an mai da ɗaya wurin shaƙatawa ana yawo a kwale-kwale. Alhali duk ramukan kuza ne da kamfanonin Turawa suka haƙa suka tafi ba su cike ba. Tun farkon shekarun 1900 suka soma. Saboda kuza aka ja ƙaramin layin dogo daga Zariya, wanda aka rufe a 1957, saboda ita kuma aka kafa tashar lantarki a Kurra. Ƙasar kuwa ta Birom ce, gonakin accarsu aka farke.

A bakin wani kududdufi muka tarar da wani dattijo yana ban ruwan kabeji da karas. Muka gaisa, na ce, "Baba, ashe ramin ma yana da amfani." Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ramin nan mahaifina na cikin masu haƙa shi. Ɗiban gwamna ne ya kawo shi daga ƙasar Katsina, bai sake komawa ba."

Abin da yake nufi ya faru ne a yaƙin duniya na biyu. Da Japan ta ƙwace Malaya (cikin Malesiya ta yau) a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuzarta, sai ta juyo kan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa ɗibar talakawa ta hannun En'e daga lardunan Arewa ana turo su aikin dole. Mutumin da ya saba da zafin Sakkwato a tsoma shi cikin ruwan sanyi da kwanon sarki a ka, ba bargo ba wadataccen abinci, me ake jira in ba ciwo ba? Da yawa sun mutu, wasu sun gudu. A ganina duk mai ɗaukar hoto a bakin ruwan nan ya kamata a fara gaya masa wannan.

Kamfanonin sun durƙushe, musamman bayan faɗuwar farashin kuza a kasuwar duniya a 1985, amma haƙa ba ta tsaya ba. Dattijon ya nuna mana wani fili can gaba inda samari ke aikin da suke kira loto. Rami ne mai faɗin bakin rijiya. An kafa itace a kai an naɗa igiya, ana zura mutum ƙasa da fitila ɗaure a goshi, in ya kai ga jijiyar kuzar sai ya riƙa haƙa a kwance, ba tokari ba komai. Injin ban ruwa na ta ruri yana zuƙe ruwan da ke ɓulɓulowa. Na leƙa, ban hango ƙasan ba, sai dai ƙarar diga da ke tasowa. Suka ce da damina ramukan ke ruftawa.

A gefe mata ne ke wanke ƙasar da aka fito da ita. Wata ta juya farantinta cikin ruwa, yashi ya bi ruwa, baƙin gari ya kwanta a gindi. Ta zuba min kaɗan a tafin hannu, nauyinsa ya fi ƙarfin yawansa. Na tambaye ta nawa suke samu a wuni. Ta ce sai mai injin ya cire nasa, mai fili ya cire nasa, sannan a kai saura wurin mai sikeli a Bukuru, shi ne kuma mai yanka farashi.