Abin da murhun Aboabo ya koya mini

A ƙarshen watan jiya na ajiye aikin da na daɗe ina yi, na haɗa ɗaliban jami'o'in ƙasashen waje da mutanen zangonninmu na Kumasi. Waɗanda muka yi aiki tare sun san hidimar, ba sai na tsaya lissafa tarbar baƙi da tafinta da neman masauki ba. Abokai suna ta tambayata abin da ya kore ni, ƙannenmu da ke jami'o'in KNUST ta Kumasi da Legon ta Accra kuma suna son su ji ko su karɓi irin wannan aiki idan ya zo musu bayan bautar ƙasa. Amsar duka tana komawa ga daminar 2022, da wani murhu da aka ce zai sauƙaƙa wa matan unguwar Aboabo rayuwa.

Bari in fara wanke ɗaliban, domin ba su ne suka ɓata mini rai ba. Suna zuwa daga Amurka da Ingila da Kanada a dogon hutunsu, tsakanin Yuni da Agusta. Akasarinsu yara ne masu kyakkyawar niyya, wasu ma sai da suka yi ƙwadago kafin su haɗa kuɗin jirgi. Na ga wadda zazzaɓin cizon sauro ya kwantar, tana samun sauƙi ta koma gindin murhu ba wanda ya ce ta koma. Zuwan irinsu Ghana ba yau aka fara ba, mu ne ƙasar farko da 'yan sa-kai na Peace Corps ta Amurka suka sauka a cikinta, a 1961, zamanin Nkrumah. Sai dai waɗancan shekara biyu suke yi a wuri ɗaya, har su iya gaisuwa da ciniki da harshen gari. Namu makonni ne kawai a hannunsu, kuma a cikinsu ake so su gano matsala, su ƙera magani, su kafa sana'ar da za ta riƙe kanta, su koma jami'a da rahoton da za a ba su maki a kai.

Matsalar da suka zaɓa ta gaskiya ce. Duk wanda ya tashi a Aboabo ko Asawase ko Sawaba ya san matan da ke hura wuta tun kafin kiran assalatu, masu koko da ƙosai, masu waakye (shinkafa da wake), da masu tuwon zafi da rana. Ya san jan idonsu da tarin da ba ya rabuwa da su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a gidaje ya kashe mutum wajen miliyan 3.2 a shekarar 2020. Ga kuma tsadar gawayin da ake saukowa da shi daga wajajen Kintampo, wanda a 2022 yake cinye ribar mai sana'a tun ba ta sayar da ludayin farko ba. Da aka ce murhu mai tsimin gawayi, ni kaina na yi murna.

Na kai su wajen magajiyar matan unguwar, wata Hajiya da ta goyi rabin samarin layinmu, ita ce kuma uwar adashen masu sana'ar abinci. Ta saurari bayaninsu har ƙarshe, ta ƙura wa zanen da ke cikin kwamfutarsu ido, sannan ta juyo gare ni.

"Ɗana, gaya musu tukunyar koko ba tukunyar miyar gida ba ce. Wannan abin nasu idan na ɗora masa tukunyata sai ya durƙusa. Mai tuƙa tuwo kuma tana buƙatar inda za ta maƙala ƙarafa ta taka da ƙafa, in ba haka ba tukunya ta kife mata a jiki. In dai ƙaramin murhu ne na gida, ai ga Gyapa nan a kasuwa, babba ne muka rasa. Sannan ka ji ni da kyau, kada wanda ya taɓa mini kuɗin adashe."

Na ce, "To, Hajiya, in sha Allahu za a kiyaye." Na fassara musu kowace kalma, suka rubuta.

Gaskiya ta faɗa game da Gyapa. Murhu ne na ƙarfe mai kaskon yumɓu a ciki, kaskon ne ke riƙe zafi ya rage cin gawayi, kuma tun farkon shekarun 2000 maƙera ke yin sa a ƙasar nan. Abin da yaran suka zana a can jami'arsu ɗan'uwansa ne, ba su dai sani ba. Da muka je Suame Magazine, unguwar maƙera da masu gyaran mota ta Kumasi, mai waldar da na daɗe ina hulɗa da shi, wanda kowa ke kira Masta, ya ƙara nasa. Ya ce farantin ƙarfen da aka zaɓa ya yi siriri, wutar mai sana'a ba ta mutuwa daga asuba zuwa azahar, zai lanƙwashe. Ya ce yumɓu kuma ba a yi masa gaggawa, sai ya sha iska a inuwa ya bushe sarai kafin a gasa shi, ga shi muna tsakiyar damina. Ɗaliban sun gamsu, suna shirye su sake zane.

A nan daraktan shirin ya shigo. Ɗan ƙasarmu ne, mai ilimi, ya iya magana da masu ba da tallafi, amma ba ya jin Hausa kuma bai taɓa kwana a zango ba. Ya ce ranar ƙaddamarwa ba ta ɗaguwa, domin akwai farfesan da zai taso daga waje ya gani da idonsa. Ya ce babu kuɗin ƙarfe mai kauri, tunda sidi, kuɗin Ghana, na faɗuwa. Wannan kam haka ne, a shekarar ce farashin dala ya ninka fiye da sau biyu, gwamnati ta nufi Asusun Ba da Lamuni na Duniya a watan Yuli, hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin 100 a Disamba. Amma a kasafin da babu kuɗin ƙarfe akwai kuɗin kai baƙi Cape Coast da Kakum. Ba na ƙyashin su ga kurkukun da aka tara kakannin bayi, ya ma kamata kowa ya gani. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne babu ko sidi ɗaya da aka ware don gyaran murhu bayan tafiyarsu.

Sai maganar biya. Ya dage cewa kyauta ba kasuwanci ba ce, dole matan su saya. Ban ƙi wannan ba, matanmu ba mabarata ba ne, kullum da kuɗinsu suke sayen tukunya da gawayi. Tsarin ɗaliban shi ne a riƙa biya kaɗan-kaɗan ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya. To a watan Mayun shekarar aka fara cire harajin E-levy na kashi 1.5 cikin 100 a kan tura kuɗi ta waya, kuma ko da yake sidi 100 na farko a kowace rana ba a cire masa komai, mutane sun tsorata, da yawa sun kwashe kuɗinsu daga waya. Matan suka ce su dai a hannu za su biya, a hankali. A hankali kuwa ba zai shiga rahoton da za a rufe a Agusta ba. Darakta yana son a rubuta cewa an sayar da murhun duka kafin jirgi ya tashi, kuma wuri ɗaya ne a unguwar ake samun kuɗi a dunƙule.

Na gaya masa a ofis, na sake gaya masa a rubuce, cewa adashe amana ce, kowace kwasa da mai ita, kuma Hajiya ta hana. Ya ce ya ji. Ranar da ya aike ni kasuwar Kejetia sayayyar bikin ƙaddamarwa, ya ɗauki wani yaro ya yi masa tafinta, ya tara matasan cikin matan, ya ce musu ni na amince a ranci kwasar watan a biya murhu, ribar tsimin gawayi za ta mayar da kuɗin cikin ɗan lokaci. Da sunana ya karɓi kuɗin. Suka matsa wa Hajiya, ita kuma jin cewa daga bakina maganar ta fito, ta saki.

Kwasar watan ta wata baiwar Allah ce mai sayar da ƙosai, wadda mai gidan haya ya sa wa wa'adi. Dokar haya ta 1963 ta ce kada a karɓi fiye da kuɗin wata shida a gaba, amma kowa a Kumasi ya san shekara ɗaya ko biyu ake nema. Da wannan kuɗin ta dogara.

An yi biki, an yi hotuna, baƙi suka tafi. Kafin ƙarshen Satumba kaskon yumɓun ya fara tsagewa ɗaya bayan ɗaya, ƙafafun murhun suka bankaɗe kamar yadda Masta ya faɗa. Wata ta ƙone a ƙafa da tafasasshen koko, Allah ya taƙaita. Matan suka koma tsohon murhunsu, ga bashi a wuya. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, to ni ba baƙo ba ne. Ofis yana can nesa da zango, gidan mahaifiyata kuwa kowa ya san ƙofarsa, can ake kai ƙorafi. Mijin mai ƙosan nan, wanda muke sahu ɗaya da shi tun ina yaro, ya koma amsa sallamata a taƙaice. Hajiya ba ta yi mini faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Ɗana, ai na gaya maka." Sai da na rantse mata kafin ta yarda cewa ban san an yi ba.

Labarin ya isa jami'ar yaran ta hannun wata ɗaliba da ba ta daina gaisawa da matan a WhatsApp ba. Da aka nemi bayani, darakta ya rubuta cewa murhun lafiyarsa lau, jami'in da ke hulɗa da al'umma ne bai koya wa matan yadda ake amfani da shi ba. Wato ni. Matan da suka shekara talatin a gaban wuta, wai ni zan koya musu hura gawayi. Aka ba ni takardar gargaɗi. Na nuna saƙon da na rubuta masa tun farko, aka ce maganar cikin gida ce, kada a tayar da ita a gaban masu tallafi. Har na bar wurin ba a janye takardar ba, shi kuma yana nan a kujerarsa.

Mutane na tambaya me ya hana ni tafiya tun lokacin. Kuɗin adashen ne. Limamin unguwa da asambuliman, wato kansilanmu, suka zaunar da mu, aka rarrashi mai gidan haya ya ƙara wa'adi. Ɗalibar nan ta tara abin da ta iya a wajen 'yan ajinsu, na riƙa cire wani abu daga albashina, Masta ya karɓi gawarwakin murhun ya sayar da ƙarfen. Sannu a hankali kuɗin kowa ya koma hannunta. Da hunturu ya shigo, Masta ya ƙera babba guda yadda Hajiya ta siffanta tun ranar farko: ƙarfe mai kauri, baki mai faɗi da zai rungumi gindin tukunya, wurin maƙala ƙarafan tuƙi, da kasko daga hannun maginan da suka san aikinsu, wanda ya bushe a iskar hunturu ba gaggawa. Hajiya ta gwada shi a sana'arta kafin a sayar wa kowa. Yau har daga Sawaba da Asawase ana zuwa yin oda, ana biyan Masta a hannu. Babu tambarin kowace ƙungiya a jikinsa, bai kuma shiga rahoton kowa ba. Idan na bi ta layin da asuba na gan shi yana ci, nakan ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Ga ƙannena masu tambaya, ban ce kada ku karɓi aikin ba. Amma ku sani abin da ake haya a wurinku ba Turancinku ba ne, mutuncin gidanku ne a unguwa, kuma ba ku kaɗai kuka tara shi ba. Kafin ku kai baƙo ƙofar kowace uwa, ku nemi a nuna muku layin da aka rubuta kuɗin bayan tafiya a cikin kasafi, da sunan wanda za a kira idan abu ya lalace a watan Oktoba. In babu, ku tsaya a nan. Duk gargaɗin da za ku yi wa na sama da ku, ku yi shi a rubuce, ko da ba zai cece ku ba, zai wanke ku a gaban mutanenku.

Ku kuma tuna ba a kanmu aka fara wannan tunani ba. KNUST ta kafa cibiyar ba da shawara kan fasaha tun 1972, ta buɗe reshe a tsakiyar Suame Magazine a 1980, don injiniya ya zauna kusa da maƙeri. Jami'ar UDS ta Tamale, wadda aka kafa a 1992, tana tura ɗalibanta su zauna cikin ƙauyuka makonni a zangon karatu na uku, kuma yana cikin makinsu. Ɗalibin da zai taso daga waje ya kamata a haɗa shi da irin waɗannan tun yana gida, ya san abin da ke kasuwa kafin ya zana nasa.

Sauran ƙanana ne. Kada a sa taro ranar Juma'a da rana ko lokacin da mai sana'a ke kan ciniki. Kada a ɗauki hoton ɗan kowa ba da izinin uwarsa ba. A biya matar da ta bar tukunyarta ta zauna amsa tambayoyi, lokacinta kuɗi ne. Tafinta kuma ya faɗi abin da aka ce, ko da zai ɓata wa mai biyansa rai.

Na ji ana shirin kawo wani rukuni a Yuni mai zuwa, wannan karon kan shara da magudanan ruwa. Na je na shaida wa Hajiya. Ta ce ba ta rufe ƙofarta ba, yaran ba su yi mata laifi ba, amma duk wanda zai zo ya zo da yarjejeniya a rubuce da Hausa, a karanta ta a gaban liman, darakta ya sa hannu da kansa. Na rubuta saƙon nata yadda ta faɗe shi, na bar wa wanda zai gaje ni, na kuma aika wa jami'ar yaran kwafi kai tsaye.