Kunnen ɓera da baƙin lalle

Lokacin da nake IT, wato koyon aiki na ɗalibai, a wani lab a Kano, darasin da ya fi zauna min a kai shi ne yadda ake gwada ko sinadari zai tayar da garkuwar jiki. Madam ɗin da ke koya mana ta ce hanyar da aka saba, a shafa sinadarin a bayan kunnen ɓera kwana 3 a jere, ranar ta 6 a kashe shi a ciro kaluluwar da ke kusa da kunnen a ga ko ƙwayoyin cikinta sun hayayyafa. Wallahi abin ya taɓa min zuciya, shi ma fa rai ne.

Yanzu akwai wata hanya, h-CLAT, ƙwayoyin jinin ɗan Adam ne da ake rainonsu a ɗan faranti, a zuba musu sinadarin a bar su awa 24, in alamomin CD86 da CD54 suka ƙaru a jikinsu to abin zai iya jawo alaji. Tun 2013 Tarayyar Turai ta hana sayar da kayan kwalliyar da aka gwada a kan dabba. Faranti dai ba jiki ba ne, shi ya sa ake haɗa gwaji biyu ko uku kafin a yanke hukunci, ni kuma hakan ya fi kwanta min.

Amma abin da na taho da shi gida shi ne garkuwar jiki ba ta mantuwa. Karon farko shiru za ka ji, tana haddace sinadarin ne, sai a karo na gaba bayan kwana ɗaya zuwa uku fata ta yi ja ta kumbura ta ɗuri ruwa, kuma yawanci shi ke nan har ƙarshen rayuwa. PPD, sinadarin rini da ake zubawa a baƙin lalle, yana cikin masu yin haka.

Da na koma ƙauyenmu wajen Gumel ana shirin bikin ƙanwata, na tarar an sayo dayis na baƙin lalle. Na ce Inna don Allah a bar shi, ta ce ke 'yar nan, ai da sallah ta sa ba abin da ya same ta. Na zauna kusa da ita na ce Inna wannan na sallar shi ne abin tsoron, na yi mata bayani a hankali kamar yadda aka yi min. Ta daɗe ba ta ce komai ba, can ta kira autarmu ta ce je ki bayan gida ki tsinko ganyen lalle a shanya.