Rumbun da ya ce babu, a sake tambayarsa

Maganar da aka fi ji daga bakin ɗalibin adabin Ingilishi mai shirin rubuta kundi ita ce, "Malam, na duba, ba a yi rubutu a kai ba." Sau da yawa rubutun yana nan jibge. Ko dai ya tambayi rumbun bayanai na intanet da ba shi ke riƙe da amsar ba, ko ya yi tambayar da kalmomin da rumbun bai sani ba. A harkar bincike ta intanet babu darasin da ya kai wannan maimaituwa, kuma abin takaici ne ɗalibi ya watsar da batu mai kyau saboda allon kwamfuta ya nuna masa sifiri.

A fara da sanin aikin kowane rumbu. MLA International Bibliography fihirisa ce: tana gaya maka wa ya rubuta me, a wace mujalla, a wace shekara, amma ba lallai ta miƙo maka maƙalar ba. JSTOR kuwa tana ba da maƙalar sukutum, sai dai yawancin mujallun cikinta sai fitowarsu ta kwana biyu take shiga, galibi shekara 3 zuwa 5. Don haka mai nazarin marubucin da ya yi fice bara zai ga kamar duniya ta yi shiru. Sababbin fitowa a Project MUSE ake nemansu, na jami'o'in Afirka kuma a African Journals Online. Wanda makarantarsa ba ta biya kuɗin JSTOR ba yana iya buɗe asusun kyauta ya karanta maƙala har 100 a wata a kan allo.

Sai kuma suna da rubutun kalma. Marubucin Kenya Ngugi wa Thiong'o da sunan James Ngugi ya fara wallafa littattafansa, kuma sharhin da aka yi masa a shekarun 1960 da wannan sunan yake. Wanda bai haɗa sunayen biyu da kalmar OR a tsakani ba ya rasa farkon muhawarar. Haka nan idan aka sa sunan marubuci a gurbin mawallafi, abin da ya rubuta ne zai fito. Mai neman abin da aka rubuta a kansa sai ya sa sunan a gurbin batu. Alamar tauraro a ƙarshen kalma tana tattaro 'yan'uwanta: postcolonial* zai kawo postcolonialism da postcoloniality, amma post-colonial mai karan ɗori gara a nema shi daban. Colour ta Birtaniya da color ta Amurka ma kalmomi biyu ne a wajen na'ura.

Inda aka fi shan wahala shi ne tsofaffin littattafai. Early English Books Online ya tattara abin da aka buga da Ingilishi daga 1473 zuwa 1700. A wancan zamanin ba a daidaita rubutu ba, kuma u da v harafi ɗaya ne: v a farkon kalma, u a tsakiya. Love takan zo a matsayin loue, upon kuma vpon. Haka i da j suke, shi ya sa ake ganin Iohn a maimakon John. Akwai wurin da ake dannawa don rumbun ya haɗa da tsofaffin rubuce-rubucen kalma, kuma wanda bai danna ba ya yi asarar kaso mai yawa bai sani ba. Wani abin da ba a cika gaya wa ɗalibai ba: littattafan sun haura 125,000, amma waɗanda mutane suka zauna suka kwafe da hannu a shirin Text Creation Partnership kimanin 60,000 ne. Sauran hotunan shafi ne, sai ka buɗe ka karanta da idonka.

Eighteenth Century Collections Online, mai riƙe da ƙarni na 18, nasa ciwon daban ne. Manhaja ce ta karanta hotunan shafi ta mai da su rubutu, kuma masu ɗab'in lokacin suna amfani da doguwar s mai kama da f. Sai manhajar ta karanta sin a matsayin fin, sun a matsayin fun. Mai ƙidaya sau nawa aka ambaci zunubi a wa'azin wancan ƙarni, in bai nemi siffofin biyu ba, ƙidayarsa ta gurgunce. Kada a taɓa kwafo jimla daga rubutun manhaja ba tare da an gwada ta da hoton shafin ba.

Oxford English Dictionary ƙamus ne na tarihi, aikinsa nuna lokacin da kowace ma'ana ta bayyana tare da misalai masu shekara. Nice a wajajen 1300 wawa take nufi, daga kalmar Latin mai ma'anar jahili. Wanda ya karanta tsohuwar waƙa da ma'anar yau zai ɗauki zagi a matsayin yabo. Ƙa'idar ita ce a dubi shekarar matanin, sannan a zaɓi ma'anar da take raye a lokacin. Ƙamusun yana ci gaba da girma: a Janairun 2020 ya shigar da kalmomin Ingilishin Najeriya 29, har da Kannywood da okada da danfo.

Masu nazarin harshe su kuma taskokin matani ne abin dogaronsu. British National Corpus kalma miliyan 100 ne, yawanci na ƙarshen ƙarni na 20, don haka rashin ganin kalmomin zamanin wayar hannu a cikinsa ba abin mamaki ba ne. Corpus of Contemporary American English ya kai kalma biliyan 1. Kuskuren da ke lalata babi guda shi ne kwatanta ɗanyen adadi: kalma ta fito sau 500 a taskar Birtaniya, sau 3,000 a ta Amurka, sai a ce Amurkawa sun fi amfani da ita. A raba da girman taskar tukuna. Na farko 5 ne cikin kowane miliyan, na biyu 3, ka ga hukuncin ya juye. Mai son Ingilishin Najeriya ko na Gana ya nufi GloWbE, wanda aka tattaro daga shafukan intanet na ƙasashe 20.

Ko matanin kansa yana iya ɓoye abu. Project Gutenberg, shafin littattafan kyauta, taimako ne babba ga mai ƙaramin ƙarfi, amma tsofaffin bugu ne da haƙƙin mallakarsu ya ƙare, kuma sau da yawa babu lambar shafi da za a kafa hujja da ita. Wasan King Lear na Shakespeare ya fito a 1608, ya sake fitowa a 1623, kuma ba iri ɗaya ba ne: akwai layi kusan 300 a na farko da babu su a na biyu, da kusan 100 a na biyu da babu su a na farko. Fitowar da sarki ya zauna yana yi wa 'ya'yansa shari'ar hauka tana cikin na 1608 kaɗai. Ɗalibin da ke riƙe da matanin da ya bi na 1623 zai neme ta har ya gaji. Kafin a ɗauko layi ɗaya, a buɗe gabatarwar editan a ga wane bugu ya bi, sannan a rubuta sunan editan da shekarar a cikin manazarta.