Makullin da ke kan taimlayin: a cire shi ko a bar shi?

Duk wanda ya daɗe yana tace bidiyo da manhajar DaVinci Resolve ya san akwatin nan da ake zaɓar adadin hotunan da za su wuce cikin daƙiƙa ɗaya. Da zarar ka ɗora bidiyo a kan taimlayin, wato shimfiɗar da ake jera hoto da sauti, to akwatin ya kulle ke nan, kuma shekara da shekaru masu sana'ar suna roƙon kamfanin Blackmagic Design, mai manhajar, ya buɗe shi, suna kafa hujja da cewa Premiere Pro, wata manhajar tace bidiyo, tana barin mutum ya sauya adadin ko da aiki ya yi nisa.

Ni ma na taɓa shiga sahun masu wannan roƙo. An kawo mini bidiyon biki da aka ɗauka a kan hoto 25, kamar yadda aka saba a ƙasashen da ke bin tsarin talabijin na PAL, manhajar kuwa tana kan 24 da take zuwa da shi. Ta ma tambaye ni ko in daidaita, amma saboda gaggawa na danna ba tare da na karanta ba. Sai da na kwana biyu ina yanka sannan na lura cewa duk inda kyamara ta bi ayarin amarya a hankali, hoton yana ɗan tsalle, domin ana zubar da hoto ɗaya a kowace daƙiƙa. Gangancina ne, ba na ɗora wa kowa.

Abin da ya sassauta ra'ayina shi ne lissafi. A taimlayin komai da hoto ake ƙidaya shi: wurin yanka, shigowar rubutu, alamomin da mai tacewa ya sa, har da inda launi zai fara sauyawa. Minti ɗaya a kan 24 hoto 1,440 ne, a kan 25 kuwa 1,500, saboda haka yawancin yankan ba za su faɗa daidai kan gaɓar sabon ma'auni ba, dole manhaja ta tura su gaba ko baya. A bidiyon biki da wuya a gane, amma Resolve asalinsa kayan gyaran launin finafinai ne, tun kafin Blackmagic ya saye shi a 2009, kuma a can gocewar hoto ɗaya tak kan ɓata aikin mai sauti da na mai launi baki ɗaya.

An ɗan rage matsalar a fitowa ta 16, a 2019, lokacin da aka ba kowane taimlayin damar ɗaukar nasa adadin cikin aiki guda. Hanyar da na bi ke nan: na buɗe sabo a kan 25, na kwafo komai, sannan na bi yankan ɗaya bayan ɗaya har tsakar dare.

Wannan bin ne nake ganin ya kamata a ɗauke mana. Ba na goyon bayan a buɗe akwatin kowa ya taɓa yadda ya ga dama, na fi son maɓallin da zai bar aikin asali yadda yake, ya fitar da kwafi a kan sabon adadin, kuma ya sa jar alama a kan duk yankan da ya motsa. Da akwai shi a daren nan, da wuraren da aka yi wa alama kaɗai zan duba in kwanta.